Ƙarafan da Muka Ɗora wa Baba

Tun da muka dawo daga Katsina ni da Baba ban ƙara yin aski cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna gabana, kafin in jiƙa masa kai ya soma: "Idi, yaya ƙasar Ingilishi? Mi likitansu ya ce? Ina ƙarafan tsoho?" In na fara amsawa sai mutum ya riƙa juyo da kai yana son ganin bakina, alhali aska na hannuna. Ran kasuwar Gidan Sori da ta wuce saura kaɗan in raba wani bawan Allah da kunnensa. Shi ya sa na ce gara in ba da labarin gaba ɗaya, kowa ya ji, kunnuwan jama'a su tsira.

Ga wanda bai san mu ba, gidanmu gidan wanzamai ne, a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Duk wanda ya kai shekaruna a ƙauyen, askar Baba ce ta fara taɓa kansa ranar suna, kuma zanen Gobir da ke fuskata aikin hannunsa ne. 'Yan shekarun baya hannun nan na dama ya soma rawa. Sai ka gan shi zaune, babban yatsa yana murza na kusa da shi kamar mai jan tasbaha, alhali babu tasbahar. Daga baya tafiyarsa ta sake, ya riƙa jan ƙafa yana sunkuye. Muryarsa ta yi ƙasa. Fuskarsa kuma ta tsaya cik, mutumin da a da dariyarsa ke riga shi shiga kasuwa.

Amma akwai abin da ya ba kowa mamaki. Da zarar Baba ya ɗauki aska, rawar sai ta tsaya. Ya ajiye ta, ta dawo. Tsofaffin gari suka zauna suka duba wannan, suka ce ai magana ta fito fili: iska ce ta shige shi, kuma iskar tana tsoron ƙarfe. Ba wanda ya yi musu, don da idonmu muka gani. Ɗan Tani maƙeri ya ƙera masa munduwar baƙin ƙarfe aka sa a hannun. Da ba ta yi aiki ba aka ce ta yi ƙanƙanta, aka ƙara wata. Da ƙafarsa ta soma kafewa a bakin zaure, ya tsaya ya kasa shiga ya kasa komawa, sai aka haƙe dokin ƙofar ana neman sammu. Ba a samu komai ba sai tsingaro. Aka sa masa ƙarfe a ƙafafu ma.

A shekarar da aka ba ƙasarmu mulkin kai matata Hadiza ta samu ciki, na fari. Ranar da Baba ya ji, ya kira ni ya ce, "Askar da ta aske ka ita za ta aske ɗiyanka. Kuma wanga hannu shi za ya riƙe ta." Da kaka ta yi, wani mai sayen gyaɗa ya ba mu labarin asibitin Katsina, ya ce har allura suke yi wa mutum ya miƙe. Baba, wanda bai taɓa shiga mota ba, ya ce in ɗaura wa jaki akumari. Haihuwa ta kusa, yana son ya dawo da hannunsa kafin suna.

Da jaki muka bi ta Tibiri zuwa Maraɗi. Ko'ina sabuwar tuta, ko'ina buhunan gyaɗa. Hanyar da ta fi kusa ita ce ta kudu, amma Baba ya ce sai mun biya Gazawa, inda ƙanwarsa Gwaggo Hajo ke aure, don mijinta ya san mashigar Gangara kamar tsakar gidansa. Muka bar jakin wurin wani ɗan garinmu, muka nemi kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa gabas. Ɗora Baba saman kaya sai da mutum huɗu suka kama, ƙarafansa na ƙara. Direban, wani mai ƙeya kamar an aske ta da fasasshiyar kwalba, ya tambayi dalili. Da na gaya masa, ya jinjina kai, ya buɗe akwatin kayan gyara ya ciro wani ƙaton noti. Ya ce wannan ƙarfen Faransa ne, ya fi na maƙera zafi. Aka zura shi a igiya aka rataya wa Baba a wuya, muka yi godiya.

Hanyar nan ba ta da kirki ko kaɗan. Motar na kaɗa mu, haƙora na haɗuwa, wata tsohuwa ta rungume kazarta tana salati. Na ji Baba yana magana, na kai kunnena bakinsa. Ya ce, "Idi, duba su. Yau kowa ya zama ni." Na yi dariya har da hawaye, na duba fuskarsa, ba abin da ya motsa. A Agye taya ta fashe, muka yini gindin gawo. Na saya masa fura. Ƙwaryar ba ta zube ba, amma kafin ludayi ya kai bakinsa wani ya gama shan tasa ya wanke hannu. Da ya ga mutane na kallo sai ya ce ya ƙoshi.

Mun isa Gazawa da la'asar. Gwaggo Hajo ta fito da gudu tana kiran "Yaya! Yaya!", ta durƙusa gabansa tana jero gaisuwa. Shi kuwa ya dube ta da wannan fuskar, ido ko ƙiftawa ba ya yi sosai. Sai ta yi sanyi. Ta ja ni bayan rumbu tana kuka.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Mi na yi wa yayana? Don ban zo gaisuwar rasuwar innarka da wuri ba ne?"

"Gwaggo, ba ke ba ce. Haka yake da kowa."

"Ƙarya kake. Na san fushinsa tun muna yara."

Ni kaina na sha kwana ina lissafin laifin da na yi masa. Ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka mai yawan daddawa, irin wanda yake so. Bai yarda ya ci cikin maza ba, sai na kai masa ɗaki na saki asabari. Da za mu tashi ta kawo wani tsohon ruwan lauje na kakarmu, ta ɗinke shi cikin fata kamar laya ta ɗaura masa a damtse. Wanda duk ya ƙaunaci Baba a tafiyar nan, ƙarfe ya ƙara masa.

Mijin Gwaggo ya ba mu jakuna ya raka mu ta Gangara. Ranar kasuwa ce, Fulani sun cika gari da shanu, na ga kawuna masu neman aski har hannuna yana ƙaiƙayi, amma ba tsayawa. Iyakar da ake ta faɗa ba komai ba ce sai rumfar kara, da gora a gicciye, da wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, mai sabuwar hula. Gero ɗaya ne a gonakin can da na nan. Ɗan duwan ya ce kowa ya sauka ya wuce da ƙafa ta ɗan tsukin da ke gefen gorar. Muka sauke Baba. Ya taka, ya taka, da ya zo daidai tsukin sai ƙafa ta kafe.

"Tsoho, wuce mana!"

Baba ya sunkuya gaba, gwiwoyi na kaɗawa, ƙarafa na ƙara, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ɗan duwan ya haɗe rai. Ya ce wanda ya ga hukuma ya kama rawar jiki akwai abin da ya ɓoye. Ya sa aka ɗage wa Baba riga a gaban mata da yara, ya lalube shi, ya kwance layar Gwaggo ya ga lauje, ya juya notin direba yana tambayar daga motar wa aka sato. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Mutumin da sarakunan ƙauye ke sunkuyar wa da kai, ga shi tsaye ba riga, yawu na zuba ta gefen bakinsa ya kasa sharewa. Ana cikin haka jakinmu ya matsa, igiyarsa ta faɗi a gicciye gaban Baba. Ya dube ta, ya ɗaga ƙafa ya tsallake ta, ya wuce abinsa kamar ba shi ba. Ɗan duwan ya tsaya da lauje a hannu. Mijin Gwaggo ya ce lalle igiyar ce ta karya wani abu da aka binne a wurin. Shi ɗan duwan ma sai da ya duba ƙasa ya ja da baya.

A can ɓangaren muka samu mota. Da direban ya kama hannun hagu na titi, na rufe ido na yi kalmar shahada, ina zaton giya ya sha. Ashe haka Ingilishi ya koya musu, duk ƙasar a hagu suke tafiya. Su ma ba su daɗe da karɓar mulkin kansu ba, tutarsu kore da fari tana kan kowace rumfa. Kuɗinmu ba ya ci sai an canza. In ka ce jandarma su yi maka dariya, su nasu ɗan sanda ne.

Ba mu san kowa ba a Katsina, amma wanzami ba ya rasa masauki. Na rataya zabirar Baba, jakar da muke zuba asake da ƙaho, na shiga kasuwa na nemi rumfar wanzamai. Wani dattijo, Malam Tukur, ya dubi ɗinkin zabirar ya ce, "Wannan ta Gobir ce. Ina mai ita?" Ya sauke mu a zaurensa, bai tambaye mu ranar tafiya ba. A rumfarsa na ga abin da ban taɓa gani ba. Samari ma'aikatan ofis suna zuwa a rage musu gashi da almakashi, a tsaga musu hanya a gefe, su biya su tashi da sumarsu a kai. A garinmu in ka bar wa mutum rabin wannan sai ya kai ƙararka wurin mai gari. Da safe kuma shayi suke sha da madara, da wani burodi mai laushi kamar auduga. Shi kam ya yi wa Baba daɗi, don haɗiya ta soma ba shi wuya.

Malam Tukur ne ya kai mu asibiti. Muka yi layi tun hantsi, aka kira mu bayan azahar. A bakin ƙofar ɗakin likita ƙafar Baba ta sake kafewa, sai da muka ɗauke shi cak. Likitan baƙar fata ne, kakkaura, da zane uku-uku a kumatu. Ina ganinsu na san Bayarabe ne, shi ma yana ganin namu ya san ko mu su wa ne. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Ya ajiye alƙalami ya tafa hannu, da Hausarsa ta kasuwa.

"A'a! Yau bayina sun kawo gaisuwa! Har da mari a ƙafa. Wa ya ɗaure mini bawa ban sani ba?"

Baba ya motsa baki. Likita ya sunkuyo don ya ji. Baba ya ce, "Ubangidanka ne ya zo duba aikinka. Tashi ka gaishe shi."

Likita ya ƙyalƙyale har yana dukan tebur. Can sai ya tsaya, ya ƙura wa fuskar Baba ido. Ya ja kujera ya zauna dab da shi.

"Baba, kana dariya a ciki?"

"Ina yi. Hitowa ce ba ta yi."

Na juya na fuskanci bango. Shekarun nan duka muna bin sa a hankali a gida kamar mai fushi, Gwaggo tana kuka bayan rumbu, ashe yana nan ciki yana dariya tare da mu.

Likita ya lanƙwasa masa hannu ya miƙe, ya sa shi ya yi tafiya, ya tambayi labarin ƙarafan. Na gaya masa yadda aska ke tsayar da rawar. Bai yi mana dariya ba. Ya aika aka samo karan dawa daga shingen waje, ya miƙa wa Baba ya ce ya karɓa ya nuna masa yadda ake aski. Baba ya miƙa hannu ya kama karan. Rawar ta tsaya. Likita ya karɓe, ya ce ya ɗora hannun a cinya. Ta dawo. Ya sake ba shi, ta sake tsayawa. Kara dai kara ne, babu ƙarfe a cikinsa.

Sannan ya yi mana bayani a tsanake. Ya ce ciwo ne sananne, Turawa sun sa masa sunan wani likitansu da ya fara bayyana shi, sunan dai bai zauna mini a kai ba. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke daidaita motsin gaɓoɓi, shi ne ke lalacewa kaɗan-kaɗan. Halin ciwon ke nan, hannu ya yi rawa in yana hutawa, ya lafa in an sa shi aiki. Shi ke daskarar da fuska, shi ke rage murya, shi ke kafe ƙafa a ƙofa ko a tsuki. Na ba shi labarin igiyar jaki. Ya ce haka ne, in ido ya ga abin tsallakewa ƙafa takan tashi, don haka in ya kafe in ja masa layi a ƙasa ko in gicciya masa sanda. Ya ce ba wanda ya yi masa, ba a ɗaukarsa a wurin cin abinci, kuma hankalinsa na nan daram.

Baba ya ce, "To a yi mini allurar."

Likita ya ce, "Babu allurarsa, Baba. Akwai ƙwaya, za ta rage rawar, za ta busar maka da baki. Amma ciwon ba ya komawa baya. Gaba yake yi, a hankali."

"Ina da jika tahe. Ni zan aske shi."

Likita ya kama yatsunsa ya ce ya buɗe ya rufe da sauri. Suka buɗe, suka rufe, suka ƙara yi da ƙyar, suka tsaya a rabi. Ya ce rawar ba ita ce abin tsoro ba, wannan tsayawar ce. "Kan jariri ba ya jira, Baba. Kai ka fi ni sanin haka." Da za mu fita ya rako mu har ƙofa, ya ja layi da takalminsa, Baba ya tsallake. Ya ce, "Sauka lafiya, ubangidana." Wannan karon ba wasa a muryarsa.

Na zaci sanin cewa ba iska ba ce zai sanyaya mana zuciya. Ni dai bai sanyaya mini ba. Iska ana lallashinta, ana korarta, tana da ranar fita. Duk nauyin ƙarafan nan, muddin suna jikinsa muna da abin jira. Washegari Baba ya ce a kai shi maƙera. Aka sare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, sai ga fatar ƙarƙashinsu ta saɓule, idon sawunsa duk gyambo. Bai taɓa cewa suna cinsa ba. Ya ce in tattara su in kai wa Ɗan Tani ya yi lauje da su, kuma kada in gaya masa aikinsa bai yi ba, don da zuciya ɗaya ya ƙera.

A hanyar dawowa bai yi magana ba sai a Gazawa. Na gaya wa Gwaggo abin da likita ya ce game da fuskar. Ta je ta zauna gabansa tana ba shi labarin wautar da suka yi suna yara, tana tsayawa tana tambaya, "Yaya, kana yi?" Shi kuma ya ce, "Ina yi." Ta yi dariyar ta yi kukan duk a haɗe.

Da hantsi Baba ya kira ni gindin bishiyar bedi, ya ce in kawo zabira in zauna. Ya ce maganar Bayarabe ba ta isa ta raba shi da aska ba sai ya gwada da kansa. Ya wasa ta a fata, ya jiƙa mini kai. Hannun bai yi rawa ba. Na ji askar ta sauka yadda na san ta tun ina yaro, har na soma murna. Amma aikin da yake gamawa kafin a sha ludayin fura ya kai mu inuwa ta gushe. Askar ta tafi, ta tsaya, ta tafi. Da ta zo bayan kunnena ta tsaya ta ƙi tashi, ina jin numfashinsa a wuyana yana fama da ita. Da ta tashi kuwa sai ta zarce. Na ji ɗumi yana gangaro mini a wuya. Na yi kamar ban ji ba, amma wanzami ba a ɓoye masa jini. Ya danne wurin da babban yatsa har ya tsaya. Ya goge askar a gefen rigarsa, ya naɗe ta, ya mayar cikin zabira. Sannan ya ɗaga zabirar da hannu biyu ya rataya mini a kafaɗa. Rabin kaina mijin Gwaggo ne ya ƙarasa da wuƙar aljihu, kun dai ga yadda na shigo gari.

Ba mu daɗe da dawowa ba Hadiza ta sauka, namiji. Ranar suna gari ya taru, kowa na satar kallon Baba yana jiran ya ga ko Katsina ta yi aiki. Ya zauna kan buzunsa ya ce in matso kusa inda zai gani. Na karɓi yaron, na ciro askar. Hannuna ne ya yi rawa ranar. Ina jin muryar nan ƙasa-ƙasa a gefena: "Kwantar da ita. Bi da sannu wurin maɗiga. Haka." Na gama ba ko ƙwarzane.

Yaron ya tsala kuka, mata suka karɓa suka yi ta jijjiga ya ƙi yin shiru. Baba ya ce a kawo shi. Unguwarzoma ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Aka kwantar masa da shi a cinya, ya ɗora hannun dama a bayansa ya bar shi nan. Hannun ya shiga abin da ya saba, yana bubbuga bayan yaron a hankali, ba gajiya, ba tsayawa. Kukan ya ragu, ya koma ajiyar zuciya, yaro ya yi barci. Baba ya daɗe yana kallon kan nan da ba shi ya aske ba. Fuskarsa na nan yadda take, sai hawaye da ke bin zanen kumatunsa. Na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Bar shi nan, Idi. Wanga aikin ina iyawa."